Shamuwa Ba Ta Daina Zuwa Bungudu Ba



Akwai wata kalma da aka ƙwace mana a Zamfara da rana tsaka, ba mu kai ƙara ba, ba mu ma tsaya mun yi jimaminta ba. Kalmar ita ce "daji". A da idan aka ce wane ya tafi daji, to ya tafi gona ke nan, ko kiwo, ko itace, ko farauta, kuma ana sa ran ganinsa kafin magariba da tsarabar kanya ko magarya a aljihu. Yau kuwa da zarar ka ji an ce wane yana daji sai gabanka ya faɗi ka fara salati, domin ka san maganar kuɗin fansa ce za ta biyo baya. Ra'ayina a nan shi ne, jin daɗin damina a ƙauye hakkin ɗan ƙauye ne, kuma mu da Allah Ya ba alƙalami muna da alhakin adana wannan rayuwa a rubuce kafin waɗanda suka san ta su ƙare.

Ga wanda bai san garinmu ba, Bungudu tana kan hanyar Gusau zuwa Sakkwato, kimanin kilomita 20 daga Gusau, kuma Gulbin Sakkwato yana ratsa ƙasarmu kafin ya kai madatsar ruwa ta Bakolori. Gidanmu yana bakin gari ne, inda danga ta ƙare gona ta fara. A irin wannan gida ba ka bukatar kalanda don sanin damina ta kusa, shamuwa ce za ta faɗa maka. Wata safiya kawai za a tashi a gan su sun sauka a kan tsamiya ko kuka, baƙaƙe masu farin ciki, suna ɗaukar ƙirare suna gyaran tsohuwar sheƙarsu. Daga ranar tsofaffi za su fara duba iri, maƙera su shiga gyaran fartanya da galma. Babu yaron da ke jifar shamuwa, domin baƙuwar alheri ce, kuma tana cinye fara da tsutsar da ke ɓarna a gona. Masana tsuntsaye sun tabbatar da cewa idan ta bar mu da kaka, ƙetare tsakiyar Afirka take yi zuwa gabashi da kudancin nahiyar, inda damina ke sauka lokacin da mu muke cikin hunturu, sannan ta juyo ta yi ƙwai a ƙasarmu. Ka ji tsuntsuwa mai tafiyar dubban kilomita, amma ba ta yarda ta haihu ba sai a tsakiyar ƙauyen Bahaushe.

Idan ruwan shuka ya sauka kuma, sai ka ce an buɗe wata ƙofa. Ƙamshin ƙasa ya tashi, shinge ya fito daga suri da daddare ya yi wa fitila caa, yara na tarawa a ƙwarya don a soya. Kwaɗi su kama kiɗa a kududdufi har asuba, maƙesu na walƙawa a cikin duhun bayan gida. Gaiwa wadda ta kwana cikin busasshen taɓo tun rani tana shaƙar iska, ta ji danshi ta fito. A bakin gulbi marai zai saƙa gidansa ya rataye shi a reshe saitin ruwa, namijin ne ke saƙar, macen ta zo ta duba, in bai yi mata ba ta wuce abinta. Cilakowa kuwa macen shiga kogon itace take yi a liƙe ƙofar, a bar 'yar tsaga wadda namiji zai riƙa miƙa mata abinci har ta ƙyanƙyashe. Mai karatu, ka faɗa mini gaskiya, wane labarin soyayya muka taɓa rubutawa da ya fi wannan?

Mu da muka tashi a ƙarshen shekarun 1980 da farkon na 1990, wannan ita ce makarantarmu ta biyu. Hantsi ya yi a aza maka ƙwaryar fura ka kai wa masu noma, a hanya fakara ta tashi firr daga ƙarƙashin ƙafarka har ka kusa zubar da furar. Ka ga balbela na bin shanu, ka ga kurege ya miƙe tsaye yana leƙenka, ka ga damo ya shanya jiki a kan dutse. A dawowa mata na tsintar kaɗanya, a sha naman a tara ƙwallon don man kaɗe, a yago tafasa da rama da lalo. A gona ne aka nuna mana gawo, itacen da ke zubar da ganyensa da damina lokacin da kowane itace ke kore, shi ya sa manomi ba ya sare shi, don ba ya tare wa gero rana, da rani kuma ya ciyar da dabbobi. Idan marka ta kama a watan Agusta, wadda mu nan muke kira malka, a kwana a yini ana yayyafi, sai a haɗu a ɗakin tsohuwa ana gasa masara ana tatsuniya. Gero ya fara nuna kuma a gasa tumu. Wanda ya bi hanyar Tsafe a wannan lokaci ya ga Dutsen Kwatarkwashi, wanda yake cikin ƙaramar hukumarmu kuma aka san shi da mikiya tun zamanin kakanni, ya yi kore shar, gajimare na shafar kansa, ba zai manta ba.

To, ina wannan rayuwa take yanzu? Kowa ya san abin da ya faru. Abin da ya faro da satar shanu ya zama kisa da ƙone ƙauyuka. A watan Afrilun 2014 aka yi wa mutanen 'Yar Galadima ta ƙasar Maru kisan gilla. Ranar 26 ga Fabrairun 2021 aka kwashe 'yan mata 279 daga makarantar Jangebe. A watan Satumba na wannan shekarar aka katse layukan waya a jihar nan na tsawon makonni, bayan an rufe kasuwannin mako an kuma hana safarar itace, kuma a cikin watan ne aka sace Sarkin Bungudu, Alhaji Hassan Attahiru, a hanyar Kaduna zuwa Abuja, ya yi kimanin wata guda a hannunsu. Idan rawani bai tsira ba, ina ga mai fartanya? A ƙauyuka da dama sai an biya 'yan bindiga haraji kafin a yi shuka, a sake biya kafin a yi girbi. Gonakin nesa sun koma saura. Wace uwa ce za ta aza wa ɗiyarta fura ta ce ta kai gona mai nisa? Jihar da aka kafa a 1996 take alfahari da noma, ga shi yaranta suna girma tsakanin ɗaki da ƙofar gida.

Na san wani zai ce, haba, ana kashe mutane kuna maganar tsuntsaye? Wani kuma zai ce daɗin ƙauye a bakin wanda ya ƙoshi yake, don damina ita ce lokacin sauro da zazzaɓi, lokacin da rumbu ke yin ƙasa, lokacin da kububuwa da kasa ke kwance a cikin ciyawa, hanya ta yanke mai naƙuda ta rasa motar zuwa Gusau. Duk gaskiya ne, kuma wanda ya yi noman firi da maimai bayansa ya san haka. Sai dai ku lura, wahalar tana nan ba ta je ko'ina ba, daɗin ne kawai aka ɗauke. Abin da ke sa talaka ya jure wahalar damina shi ne iskar yamma a bakin gona, da wankan gulbi, da hirar farin wata. Wanda ya hana shi waɗannan ya bar masa sauro da yunwa, ya cuce shi sau biyu. Don haka idan ana lissafin ɓarnar 'yan bindiga, bayan rayuka da shanu da kuɗin fansa, a sa har da ƙuruciyar da aka hana yaranmu.

Asarar ba ta tsaya nan ba, ta shiga harshe. Hausa a gona da daji ta yi ƙiba. Yaron da bai taɓa ganin hawainiya ba, bai kuma ga rama a tsaye ba, me zai fahimta idan aka ce hawainiyarka ta kiyayi ramata? Yaya zai gane damo sarkin haƙuri? Ƙasar nan ce ta haifi Musa Ɗanƙwairo da Sa'idu Faru da Kassu Zurmi, kuma waƙoƙinsu cike suke da namun daji da tsuntsaye da itatuwa, domin da su suke auna sarauta da jarumta. Ranar da aka rasa mai sanin waɗannan halittu, waƙoƙin za su zama kiɗa kawai babu ma'ana.

A nan ne nake kira ga 'yan uwana marubuta. Ku ɗauki littattafan da ke kasuwa ku duba, yawanci jarumi yana Abuja ko Dubai, falo ya sha kujeru, mota ta sha baƙin gilashi. Ƙauye ba ya fitowa sai idan ana son nuna jahilci, ko 'yar talla da za a wanke a kai birni. Alhali Abubakar Imam da Rupert East sun zauna sun rubuta Ikon Allah don yaran ƙasar Hausa su san halittun da ke kewaye da su, kuma bai rage musu daraja ba. Me zai hana saurayi da budurwa su haɗu a gindin kaɗanya? Me zai hana a auna tsawon rabuwa da tafiyar shamuwa da dawowarta? Masu karatunmu da yawa 'yan ƙauye ne ko jikokinsu, za su ga kansu a ciki. Kuma mu yi da saninmu, mu zauna da maharba da masunta da tsofaffin mata masu sanin ganye, mu rubuta sunayen da suke kiran abubuwa da Zamfarci, tun suna raye.

Iyaye ma akwai abin da za su iya ba tare da sun jefa kowa cikin haɗari ba. Tsamiyar ƙofar gida tana nan, kududdufin bayan gari yana nan. A nuna wa yaro tsuntsu a faɗa masa sunansa, a hana shi harbin na kan ƙwai, a bar tsofaffin itatuwa a tsaye kada gawayi ya cinye su. Hukuma kuwa, tun daga Gusau har Abuja, ga ma'aunin da ni na yarda da shi. An ƙaddamar da Askarawan Zamfara a watan Janairun 2024, an jibge sojoji, an yi jawabai, amma ba zan ce zaman lafiya ya dawo ba sai ranar da yarinya 'yar shekara goma za ta ɗauki fura daga Bungudu ta kai gonar ubanta mai nisa ta dawo, uwarta ba ta tsaya a bakin ƙofa tana zullumi ba.

Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya jiƙan waɗanda muka rasa, Ya kuɓutar da waɗanda ke hannu, Ya mayar mana da dajinmu. Wanda ya san sunan wani tsuntsu ko wata ciyawa ta ƙasarsu da ya ga ana mantawa, ya rubuta ya ajiye, ya kuma koya wa na bayansa.

Wassalam.