RA'AYINMU: A Bar wa Manomi Rumbunsa, a Nuna Mana Sito

Akwai wani wasa da ya bazu a ƙasashen Turawa, wanda muke roƙon masu karatu su yi haƙuri mu ba su labarinsa kafin mu zo ga abin da ya dame mu. Sunansa jiyokashin. Mutum zai sami ɗan akwati ko gwangwani, ya sa 'yar takarda a ciki, ya kai shi wani wuri ya ɓoye, sa'an nan ya buga lambobin da na'urar GPS ta ba shi na wurin a intanet, duk mai sha'awa ya tafi nema. Wanda ya gano sai ya sa hannu a takardar, ya mai da akwatin yadda ya tarar da shi. An fara wasan ranar 3 ga Mayu 2000, kwana ɗaya bayan Gwamnatin Amurka ta daina dagula saƙon taurarin GPS da gangan ga farar hula. Kafin nan na'urar takan kauce da mita 100. Bayan nan kuskuren ya dawo kamar mita 10. Wani mai suna Dave Ulmer ne ya ɓoye baƙin bokiti a daji kusa da Beavercreek ta Jihar Oregon, ya sanar da lambobinsa. Yau irin waɗannan akwatuna sun haura miliyan 3 a ƙasashe fiye da 190.

Da yake na'ura tana kai mutum kusa ne kawai, gwanintar duk ta koma wajen ɓad da kama. Wani zai yi dutse na roba mai rami a ciki ya ajiye cikin duwatsu. Wani zai rarake ƙusa ya ɗaura ta a jikin gada tare da 'yan uwanta na gaske. Wani kuma abin nasa bai wuce kan ɗan yatsa ba, ya manna shi da maganaɗisu a bayan allon hanya, mai nema ya yi ta dafa allon bai sani ba. Har daraja suke ba wuyar ganowa, daga 1 zuwa 5. Amma wasan yana da ƙa'ida mai tsanani. Ba a haƙa rami a binne, ba a ajiyewa a filin wani sai da izininsa, kuma ba a buga lambobin sai wani mai dubawa ya tantance su. Kome iya ɓoyon mutum, dole abin da ya ɓoye ya shiga rajista, da sunan da aka san shi da shi da kuma wurin.

Mutumin Bakori ko na Kafur in ya ji wannan labari dariya zai yi, ya ce ƙoshi ne ya yi wa masu yinsa yawa. Ba a koya wa Bahaushe ɓoyo. Kakanninmu sun binne tukunyar kuɗi a ƙarƙashin gado, sun cusa ƙunshi cikin jinka, sun gauraya wake da toka sun liƙe bakin rufewa da laka don kada ƙwari su san hanya. Waɗanda suka ga yunwar Kakalaba ta 1914, da waɗanda suka ga farin 1973, ba su bukaci wani ya gaya musu amfanin damin da aka ajiye ba a taɓa ba.

To, ɓoyon da ake yi yau a ƙasar Funtuwa da Malumfashi iri biyu ne, kuma kuskuren da hukuma da masu surutu a rediyo suke yawan yi shi ne haɗa su a kwando ɗaya.

Na farko ɓoyon tsoro ne. Manomin Faskari ko Sabuwa ko Ƙanƙara, wanda ya yi noma da ransa a hannu, wani lokaci ma sai da ƙauyensu ya biya ɓarayin daji kafin a bar su su yi girbi, ba ya iya cika rumbu a tsakar gida kamar yadda ubansa ya yi. Rumbu a fili gayyata ce. Sai ya raba 'yan buhunansa, kaɗan a ɗakin mata, kaɗan wurin ɗan uwa a cikin gari, saura kuma ya sayar tun da kaka a kan kowane farashi, gudun kada a ƙone ko a kwashe. Wannan mutum ba mu da abin ce masa sai Allah ya kawo sauƙi, kuma duk wanda ya ce a bi gida gida a ƙidaya abin da ya ajiye, to jerin sunaye yake shirya wa 'yan bindiga.

Na biyu ɓoyon riba ne. Kowa ya san yadda abin yake gudana a kasuwannin Ɗandume da Bakori da Funtuwa daga watan Oktoba. Masu kuɗi daga birane, da wakilan kamfanonin abincin kaji da na sarrafa hatsi, sukan sauko da dillalansu lokacin da manomi yake neman kuɗin biyan bashin taki da na makarantar yara. A auna masara da dawa da waken suya, a ɗinke, a loda. Daga nan kuma sai labari ya ɓace. Wasu buhunan suna manyan sito da kowa yake gani a bakin titi. Wasu suna cikin gidajen haya a unguwanni, ƙofa a rufe, ba allo ba suna, wanda in ka wuce sai ka ɗauka mai gidan ya yi tafiya. Dutsen roba na Bature bai fi wannan ɓad da kama ba. Sai bazara ta tsananta, damina ta kama, manomin da ya sayar da buhu ya dawo yana awo da tiya.

Kada a fahimce mu a baibai. Ajiya ba laifi ba ce, kuma mu da muka karanta ƙissar Annabi Yusufu tun muna makarantar allo ba za mu zagi mai ajiya ba. In ba a sami mai saye da kaka ya adana ba, farashi zai faɗi warwas a Nuwamba, a rasa abin sa wa a tukunya a Yuli. Mai ajiya ma yana ɗaukar kasada: waɗanda suka tara hatsi da tsada a ƙarshen 2024 sun ji jiki da farashi ya karye a 2025. Abin da shari'a ta hana, kuma hankali ya ƙi, shi ne a riƙe abinci ana cikin matsi don a ƙara matsin. Matsalar ita ce babu mai iya bambance wannan da wancan, domin babu wanda ya san buhu nawa ke ƙasa, kuma a hannun wa.

Rashin sanin nan ya sha jawo mana abin kunya. A Oktoba 2020 jama'a suka fasa ɗakunan ajiya a Jos da Kaduna da Legas, suka tarar da kayan tallafin korona jibge, watanni bayan an ɗage kulle. Hukumomi suka ce ana shirin rabawa ne, jama'a suka ce ɓoyewa aka yi, kuma babu takardar da aka taɓa bugawa tun farko da za ta raba gardama. A Fabrairu 2024 hukumar karɓar ƙorafi da yaƙi da cin hanci ta Jihar Kano ta garƙame wasu sito a Dawanau bisa zargin ɓoye abinci, 'yan kasuwa suka musanta, daga baya aka buɗe. A watan nan ne kuma Gwamnatin Tarayya ta ba da umarnin fito da tan 42,000 na hatsi daga rumbunanta, amma zuwa Yuni na shekarar hauhawar farashin abinci ta wuce kashi 40 cikin 100. Samame da garƙame ƙofa wasan makafi ne: a kama mai gaskiya, a tsorata mai shirin saye, babban mai laifi kuwa ya ƙara zurfafa ɓoyo.

Abin takaici, wannan yanki ba baƙon lissafi ba ne. A nan aka kafa Shirin Raya Aikin Gona na Funtuwa a 1975 da kuɗin Bankin Duniya, ɗaya daga cikin uku na farko tare da na Gusau da Gwambe, kuma malaman gonarsa sun yi ta awon gonaki da amfaninsu. An kafa Hukumar Hatsi ta Ƙasa a 1977, aka rushe ta a 1986 tare da sauran hukumomin ciniki. Ba ma kukan mutuwarta, don ba ta tsinana wa talaka abin kirki ba, sai dai tun daga nan aka sakar wa kasuwa ragama ba tare da an riƙe ko littafin lissafi ba.

Saboda haka muna kira ga Majalisar Dokokin Jihar Katsina ta ari ƙa'ida ɗaya daga masu wancan wasa. Duk wanda ya tara hatsi don ciniki fiye da wani adadi, mu a ganinmu buhu 500, ya yi rajistar wurin da lambobinsa na GPS, ya riƙa faɗin abin da ke ciki duk wata. Ba a ce ya sayar ba, ba a ce ga farashi ba. Lambobin su tsaya a hannun hukuma saboda tsaro, amma jimlar kowace ƙaramar hukuma a karanta ta a rediyo, a manna a ƙofar sakatariya. Wanda aka kama da sito marar rajista, shi ne ya kamata a garƙame wa ƙofa, kuma a lokacin ba mai cewa an zalunce shi.

Za a ce 'yan kasuwa ba za su yarda ba, don suna tsoron masu karɓar haraji su bi sawu. Tsoron yana da dalili, kuma dokar ta rubuta a fili cewa rajistar kyauta ce. Amma hanya mafi sauƙi ta kashe bakinsu ita ce Gwamnati ta fara da kanta. Kowane sito na jiha da na ƙaramar hukuma, na hatsi ko na taki, a buga inda yake da abin da ya shiga da abin da ya fita. 'Yan uwanmu matasan ma'aikata da ke riƙe da makullai da littattafan sito sun fi mu sanin dalilin da ya sa wannan zai yi wa wasu manya ɗaci, kuma su ne zai fi karewa ranar da aka zo neman wanda za a ɗora wa laifi.

Aikin ba ya bukatar kwangila. Wayar da ke aljihun ɗalibi tana karanta lambobin wuri ko babu layin sadarwa, don daga taurari take ji kai tsaye. Ko a 2021, da aka katse layukan waya a Funtuwa da Malumfashi da maƙwabtansu, wannan ɓangaren bai mutu ba. Ɗaliban labarin ƙasa da na aikin gona a Jami'ar Ahmadu Bello, da Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa, da ta Tarayya da ke Dutsin-Ma, za su iya gama zagayen Funtuwa da Bakori da Ɗanja da Ɗandume da Kafur da Malumfashi cikin hutu ɗaya, in an ba su takardar izini da kuɗin mota. Muna roƙon majalisar ƙungiyarmu ta sa wannan batu cikin ajandar zamanta na gaba, ta kuma aika wa 'yan majalisar waɗannan mazaɓu takarda kafin a fara girbin masara.