Wa Ke da Ikon Hana Mai Ciwo Shiga Teku?

A shekarar 1958 likitoci suka shaida wa Francis Chichester cewa yana da ciwon daji a huhu. Shekara takwas bayan haka, yana dattijo mai kimanin shekara 65, ya bar Plymouth shi kaɗai cikin jirgin ruwa mai tafiya da iska, ya kewaya duniya, ya dawo a 1967. Babu hukumar da ta nemi takardar likita a wurinsa, kuma har yau dokar Birtaniya ba ta neman ta ga mai shiga teku don nishaɗi. Sai wanda zai ɗauki fasinja da kuɗi ake tilasta wa gwajin lafiya.

Faransa ta bambanta kaɗan. Mai jirgin inji da ya haura ƙarfin doki 6 sai ya samu lasisi, lasisin kuma sai da shaidar likita. Mai jirgin iska an ƙyale shi.

A ganina Birtaniya ce ta fi kusa da daidai. Baligi mai hankali yana da haƙƙin jefa kansa cikin haɗari, kuma takardar likita shaida ce ta ranar da aka rubuta ta kawai. Amma masu kare wannan 'yanci sukan tsallake wani abu: mai jirgin da ya kife ba shi kaɗai ke ɗaukar nauyin zaɓinsa ba. Dokar teku ta wajabta wa kowane jirgi ya kai ɗauki ga wanda ke neman ceto. A 1997 sai da jirgin yaƙin Ostareliya ya nausa can kudancin teku kafin a fito da Tony Bullimore daga cikin jirginsa da ya kwana huɗu a kife. A gaɓar Birtaniya kuwa, yawancin masu fita ceto 'yan sa-kai ne na ƙungiyar RNLI, masu iyali, da kan bar gadonsu cikin tsakar dare.

Saboda haka ba kowane ciwo zan sa a ma'auni ɗaya ba. Mai hawan jini da ke shan maganinsa, a bar shi ya tafi. Wanda farfaɗiya ke kayarwa babu sanarwa, ko wanda idonsa ba ya rarrabe ja da kore, alhali da waɗannan fitilu ake gane hagu da daman jirgi da dare, doka ta hana shi riƙe akalar jirgi muddin akwai yara ko baƙi a ciki.