Jinjina ga Masu Feɗe Waƙa, da Sauran Aiki a Gaba

Malaman Hausa na jami'o'inmu, a gaishe ku da aiki. A da, rubutacciyar waƙa abar rerawa ce a zaure: a saurara, a ce "Allah ya ƙara basira", a watse. Ku kuka mayar da nazarinta ilimi mai ƙa'ida. Ɗalhatu Muhammad ya tattara waƙoƙin Aƙilu Aliyu cikin Fasaha Aƙiliya. Abdulƙadir Ɗangambo na Jami'ar Bayero ya shimfiɗa hanya a Ɗaurayar Gadon Feɗe Waƙa, Abdullahi Bayero Yahya kuma ya zurfafa a Salo Asirin Waƙa. Albarkacinku, yau ɗalibi ya san ya nemi jigo da warwararsa, zubi da tsari, kari da amsa-amo. Wannan ba ƙaramin gado ba ne.

Sai dai fa da sauran rina a kaba. A miƙa wa ɗalibi waƙar zamani wadda ta tsaya kan zanen da magini ya yi a bangon soro, damina tana zaizaye shi shekara bayan shekara. Nan take zai rubuta "jigo: wa'azi, duniya ba matabbata ba ce", ya ƙirga baitoci, ya ce 'yar biyar ce, ya rufe littafi. Ba laifinsa ba ne kaɗai. Waƙoƙin wa'azi tun ƙarni na 19 sun saba mana da kallon kyau a matsayin ruɗin duniya.

Amma wannan mawaƙin ba tsoratarwa yake yi ba, tambaya yake: me ya sa ɗan Adam yake ƙawata abin da ya san zai gushe? Amsar kuwa tana cikin sauti. Zanen yana dusashewa daga baiti zuwa baiti, amsa-amo yana dawowa bai canja ba. A nan fasaha take ja da zamani, kuma wanda bai rera waƙar ba, ba zai ji haka ba.

Saboda haka nauyi biyu ya rage a kanku. Na farko, kada ɗalibi ya feɗe waƙar da bai rera ba, kuma duk salon da ya zaƙulo a tambaye shi aikin da yake yi wa jigo. Na biyu, marubuta waƙa na yau a Facebook da WhatsApp suke sakin waƙoƙinsu. Waya ta lalace, waƙa ta tafi. Ku tattara su da muryar masu su, ku buga, kamar yadda aka yi wa Aƙilu tun yana raye.