Buzuzu ya samu daraja a wasa, saura a gona

A wasan Animal Crossing da kamfanin Nintendo na Japon ya fara fitarwa a 2001, mai wasa yana zaune ne a ƙauye, yana kamun kifi da ƙwari. A fitowar 2020, lokacin sanyi ake samun buzuzu yana gungura dunƙulen ƙanƙara. Sai a kama shi da raga, a kai gidan tarihi ko a sayar.

Mun yaba da wannan daraja, amma wasan ya ɓoye ainihin aikinsa. Kashin dabbobi buzuzu ke gungurawa ya binne, ƙasa ta samu taki, ƙudaje su ragu. Da kashin shanu ya addabi makiyayar Ostaraliya, sai da ta kafa shiri daga 1965 zuwa 1985, ta shigo da buzuzu daga Afirka da Turai.

Mu da Allah ya ba mu shi kyauta, yaranmu tattake shi suke yi. Maganin tsutsar dabbobi irin su ivermectin kuma yana fita cikin kashi ya kashe ƴaƴansa. Muna kira ga malaman makaranta da ma'aikatan kiwo su faɗakar da jama'a, tun kafin mu nemi buzuzu mu rasa.