Mai ɗinki a ciki, ja numfashi!

Ƴan'uwa, idan an yi ma mutum aiki a ciki, na gwaiwa ko na hanji, ko an ciro ma mace jariri, mi muke cewa? "Kwanta, kar ka motsa, kar ka yi tari, ɗinki zai warware." Don ƙauna muke faɗin haka. Amma a ganina, wannan ƙauna tana cutar maras lahiya.

Ga dalili. Tsakanin ƙirji da ciki akwai wani nama mai faɗi kamar faifai. In ya sauka ƙasa, iska ta shiga huhu. Bayan aiki ciki yana ciwo, sai mutum ya riƙa numfashi sama-sama. Iska ba ta kai ƙasan huhu, wurin ya manne, majina ta taru. Ruwan da ya kwanta shi ke yin tsutsa. Haka ita ma majina: ƙwayoyin cuta su hayayyafa, sai masassara da ciwon huhu.

Maganin ba ya cin ko dala. A tada maras lahiya zaune. Ya ja iska ta hanci sannu-sannu har ƙirji ya cika. Ya riƙe, ya ƙirga 1, 2, 3 a zuci. Ya sake ta ta baki. Ya yi haka sau 10 kowace awa, in yana farke. In tari ya zo, ya dafe ɗinkin da matashi ko zane naɗaɗɗe, ya yi tarin, majina ta hita. Da lokotoro ya ba da izini, a kama shi ya yi ƴar tahiya.

Wani zai ce: "To, ciwo fa?" Gaskiya akwai ciwo. Sai a nemi maganin ciwo wurin ma'aikatan asibiti. Ciwon minti guda ya hi kwana goma kan gado.

A 2018, likitocin Ostireliya da Niyu Zilan sun bayyana wani bincike. Sun koya ma mutane wannan numfashi minti 30 kacal, kahin a yi musu babban aiki a ciki. Matsalar huhu ta ragu da rabi.

Ke nan, tun kahin aiki ya kamata a koya. Mai shan taba kuma ya bari tun da wuri.

Mai jinya, aikinka bai tsaya ga dama kunu ba. Tuna mishi: "Ja numfashi!" In ka ga masassara ko numfashi yana sarƙewa, kira lokotoro maza.