Jirgin yaƙi: Kuɗin saye somin taɓi ne

Duk wanda ya taɓa kiwon doki ya san kuɗin saye sau ɗaya ake biya, amma harawa da dusa kullum ne. Haka jirgin yaƙi yake. Mahukunta sukan yi ta shela ranar da aka sayo shi, su yi gum a kan abin da zai riƙa ci a kowace awa da ya yi a sama.

Lissafin a fili yake. Akan tara kuɗin mai, da kayan gyara, da sabunta inji, da aikin makanikai na shekara guda, a raba da yawan awoyin da jirgin ya tashi. Da wannan farashi na awa ɗaya ake tsara kasafin baɗi.

To ga Amurka da take taƙama da dukiya. A 2024 ofishin binciken kuɗi na majalisarta ya bayyana cewa kuɗin riƙe jiragen F-35 tsawon rayuwarsu ya tashi daga dala tiriliyan 1.1 a ƙiyasin 2018 zuwa kusan tiriliyan 1.6 a 2023. Dabarar da sojojinta suka yi ita ce rage awoyin tashi. Wato an sayi doki, harawa ta gagara, sai aka ɗaure shi a turke.

Nijeriya ta riga ta ɗanɗana wannan. Jiragen Jaguar 18 da aka sayo daga Ingila a shekarun 1980 an ajiye su tun farkon shekarun 1990, ba su ma tsufa ba. A 2018 aka sake biyan dala miliyan 496 don Super Tucano 12, suka iso a 2021. Kayan gyaransu da dala ake saye, saboda haka duk faɗuwar naira ƙarin kuɗin awa ne.

In aka rage awoyi, matuƙi zai rasa atisaye, hannunsa ya mutu, haɗari da kuskure su ƙaru. Kuskuren jirgin yaƙi kuwa a kan rayukan bayin Allah yake sauka.

Lallai ne 'yan'uwa matasa su koyi tambayar da ba a so: nawa awa ɗaya take ci, awa nawa aka tanada, daga wane aljihu? Dukiyar al'umma amana ce, kuma wanda ya ɓoye lissafi a nan, akwai ranar da ba a ɓoye komai.