Alli ɗaya, albashi biyu

Jama'a, malaman makarantun gwamnati a Nijar kashi biyu ne: masu lambar aiki, da 'yan kwantaragi waɗanda aka soma ɗauka da sunan 'yan sa-kai a 1998. Aiki ɗaya suke yi, amma ladan ɗan kwantaragi bai kai na abokin aikinsa ba, kuma ya sha jiransa wata da watanni.

Aya ta 10 ta tsarin mulkin 2010 ta ce 'yan ƙasa daidai suke. An jingine shi bayan juyin mulkin 2023, amma Yarjejeniyar Afirka ta Haƙƙin Ɗan Adam, wadda Nijar ta amince da ita a 1986, tana nan. Ayarta ta 15 ta ce aiki ɗaya, lada ɗaya.

Wasu na cewa ɗan kwantaragi bai da isasshen horo. To, a horar da shi. Tun da an damƙa masa 'ya'yanmu, a biya shi daidai.

'Yan kasuwar Ƙonni da Ɗan Isa, maganar ta shafe ku. Ran da ladan malam ya makara, bashin shinkafarku ne ke kwana. Ku sa baki, hukuma ta ji.